Yoyon Baƙin Mai a Tsohuwar Mota: A Gano Tushensa Kafin a Ɗauki Sifana

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori zuwa Malumfashi ya san cewa da zarar kaka ta kama, motocin wannan yanki sun yi ban kwana da hutu. Masara da dawa da waken suya suna barin gonaki, auduga tana jiran a kai ta awo, fatake daga nesa suna cika kasuwar Ɗandume neman hatsi, kafin a ankara kuma tumatirin rani na Ɗanja ya biyo baya. Mafi yawan motocin da ke jigilar wannan kaya tsofaffi ne, kuma idan aka duba inda suka kwana, a tasha ko a ƙofar gida, da wuya a rasa baƙin tabo mai maiƙo a ƙasa. Direbobi da yawa sun ɗauki wannan tabo tamkar ciwon gwiwa a jikin tsoho, wato abin da ba shi da magani sai haƙuri. Iyakar abin da suke yi shi ne su ajiye galan na baƙin mai a bayan kujera, suna ƙarawa duk safiya.

To amma ruwa ba ya tsami banza. Kowane yoyo yana da dalili, kuma ana iya gano dalilin ta hanyar da ɗalibin kimiyya ya riga ya sani, wato lura da zato da gwaji. Abubuwa biyu ne ke ɗaure wa mutane kai. Na farko, wurin da mai ya ɗiga ba lallai ne nan ya fito ba. Na biyu, wurin da ya fito ba lallai ne nan laifin yake ba. Wanda ya fahimci waɗannan biyu zai huta da sayen kayan gyara sau uku a kan yoyo guda, zai kuma tsira daga babbar asara, wato inji ya buga a tsakiyar kaka da lodin jama'a a bayan mota.

Motocin da Suka Goya Yankin

A tsakiyar shekarun 1970, tun kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, abubuwa biyu suka haɗu suka sauya harkar sufuri a wannan yanki. Na farko shi ne Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka gudanar da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko irinsa a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Ban da taki da ingantaccen iri, shirin ya shimfiɗa hanyoyin burji da suka haɗa ƙauyuka da manyan tituna. Na biyu, a 1975 kamfanin Peugeot Automobile Nigeria ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, cikinsu har da 504, wadda aka fara fito da ita a Faransa a 1968. Dama can Funtuwa tana kan layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, kuma tana da injin gurzar auduga tun zamanin Turawa. Abin da ya rage shi ne motar da za ta shiga ƙauye ta fito da kaya. Fijo, kamar yadda jama'a ke kiranta, ita ce ta ɗauki wannan nauyi: akori-kura ga buhuna, wagon ga fasinja.

An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har bayan shekara ta 2000, shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa. A yau sahunta ya ragu ƙwarai, domin motocin da aka riga aka mora a ƙasashen waje, irin su Golf da J5 da Canter, sun karɓe mafi yawan aikin. Sai dai su ma da shekarunsu suka iso. Injin 504, mai silinda 4 da girman kusan lita 2, shi ne abin misali a nan, domin sassansa a fili suke, kuma a kansa kanikawan yankin da yawa suka koyi sana'a. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce, ko a tarakta, ko a injin ban ruwa, ko a injin niƙa.

Aikin Baƙin Mai a Cikin Inji

Ko da yake ana kiransa baƙin mai, sabonsa launin zuma gare shi; aiki ne yake baƙanta shi. Mazauninsa shi ne kaskon ƙarfen da ke ƙasan inji, wanda a irin wannan mota yake ɗaukar kimanin lita 4. Da zarar an ta da mota, famfo yana zuƙo man ta cikin wata rariya, ya tura shi ta filta, daga nan ya bi siraran hanyoyin da aka huda cikin jikin inji zuwa duk inda ƙarfe yake guga da ƙarfe. Bayan ya gama aikinsa sai ya gangaro da kansa ya koma kasko, a sake zuƙo shi.

Wurin da ya fi buƙatar mai shi ne kirankishaf, wato lanƙwasasshen sandan ƙarfen nan da fistin ke juyawa. Idan mota tana gudu inji na juyi 3,000 a minti ɗaya, wannan sanda yana juyawa sau 50 ke nan a kowace daƙiƙa. Abin da ya raba shi da matashin da yake kwance a kai, wanda kanikawa ke kira metal, shi ne shimfiɗar mai wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba. Ban da raba ƙarfe da ƙarfe, mai yana kwashe zafi, yana wanke datti ya kai wa filta, sannan yana taimaka wa zobban fistin su toshe silinda da kyau.

Idan mai ya yi ƙasa ainun, famfo zai soma haɗiyar iska, shimfiɗar nan ta yanke, metal ya yi zafi ya narke cikin ɗan lokaci kaɗan. Wannan shi ne bugawar inji. Yana da kyau a lura cewa jar fitilar mai da ke gaban direba, a tsofaffin motoci, ba yawan mai take aunawa ba. Ƙarfin matsinsa take aunawa. Saboda haka duk lokacin da ta kama a kan tafiya, ɓarna ta riga ta soma, kuma wajibi ne a tsaya a kashe inji nan take.

Akwai kuma batun kauri. Kowa ya ga yadda manja ke daskarewa da sanyin hunturu, ya kuma tsinke idan ya ji wuta. Haka baƙin mai yake. A cikin inji mai aiki zafinsa yakan kai wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, a lokacin kuwa ya tsinke har yana iya ratsa tsagar da ido ba ya gani. Shi ya sa motar da ba ta yoyo da sanyin safiya takan soma ɗiga bayan ta yi lodi daga Malumfashi zuwa Funtuwa. Lambobin da ake gani a jikin galan, kamar SAE 40 ko 20W-50, ma'aunin kauri ne na wata ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka: lambar da ke tare da W tana nuna halin man da sanyi, ta biyun kuma halinsa da zafi.

Lissafin Ɗigo

Masu iya magana sun ce da yayyafi kogi kan cika, kuma lissafi yana gaskata su. A ƙiyasce ɗigo 20 suna yin mililita 1. A ɗauka mota tana zubar da ɗigo ɗaya duk bayan daƙiƙa 5 muddin inji na aiki. Wannan ɗigo 12 ke nan a minti, ɗigo 720 a awa, wato mililita 36. Idan ta yi aikin awa 8 a yini, ta zubar da mililita 288. Cikin kwana 4 ta wuce lita 1. A motoci da yawa, tazarar da ke tsakanin alamar sama da ta ƙasa a jikin gejin mai kimanin lita 1 ce. Ke nan yaron mota ya yi sakaci da duba geji na mako guda kacal, inji ya shiga haɗari. Kuɗin man da ake ƙarawa kuwa, idan aka tara shi daga farkon kaka zuwa ƙarshenta, sau da yawa yakan zarce kuɗin gyaran nesa ba kusa ba.

Ƙofofin da Mai Yake Tserewa

Inji ba dunƙule ɗaya ba ne, sassa ne aka haɗa da notuna, kuma kowace mahaɗa ƙofa ce da aka toshe. Toshiyar iri biyu ce. Inda sassa biyu suke zaune ba motsi, ana sa gasket, wato shimfiɗa mai taushi ta kwali ko roba ko ɓawon itace, wadda ke cike ƙananan ramukan da ke fuskar ƙarfe. Irin wannan ake samu a murfin saman inji, da kaskon mai, da murfin gaba da ya rufe sarƙar inji, da gindin famfon fetur. Zafi da sanyi suna sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke kullum, har gasket ya bushe, ya ƙanƙance, ya tsage.

Inda kuwa sanda mai juyawa ya ratso bango ya fito waje, kamar kirankishaf ta gaba wajen fanbel da ta baya wajen giya, aikin ya fi wuya, domin ana so a tare mai ba tare da an hana juyi ba. A 1929 wani injiniya mai suna Walther Simmer, yana aiki da kamfanin Freudenberg na Jamus, wanda asalinsa majema ce, ya ƙirƙiro zobe mai leɓen fata da ke rungume sanda. Daga baya roba ta maye gurbin fata, da siririyar sifirin da ke matse leɓen. Wannan shi ne oyil-sil da kanikawa suka sani. Wasu tsofaffin injuna kuma igiya ce ta musamman ake cusawa, ko kuwa a yi wa sandan zare irin na noti wanda ke kora man ya koma ciki yayin juyi. Roba tana ƙagewa idan ta daɗe cikin zafi, musamman a injin da ya taɓa tafasa, ƙura kuma tana maƙalewa a leɓen tana cin sandan har ta yi masa kwari.

Ban da waɗannan, akwai ƙananan ƙofofi da ake mantawa da su: notin juye mai da washarsa, da zoben robar filta, da ɗan makunnin da ke kunna jar fitila, da shi kansa kaskon, wanda duwatsun hanyar gona ke lotsawa ko hudawa.

Numfashin Inji da Ƙurar Hunturu

A nan ne asirin yoyo mai taurin kai yake. A juyi 3,000 a minti, inji mai silinda 4 yana kunna wuta sau 100 a kowace daƙiƙa. Zobban fistin, waɗanda kanikawa ke kira ringi, su ke hana hayaƙin wannan wuta gangarawa ƙasa, amma ko a sabon inji kaɗan yakan sulale ya shiga ɗakin da mai yake. Don haka aka yi wa kowane inji hanyar numfashi. A da bututu ne kawai da ke zubar da hayaƙin a titi. Tun farkon shekarun 1960, aka soma da jihar Kalifoniya ta Amurka, aka koma mayar da shi ta tiyo zuwa mashigar iska don inji ya sake ƙona shi.

Idan wannan tiyo ya toshe da daskararren datti, ko ya lanƙwashe, ko wani ya ɗaure bakinsa don ya gaji da ganin hayaƙi, matsi zai taru a cikin inji. Gasket da sil an yi su ne don su tare man da ke fantsama kawai, ba su da ƙarfin riƙe iskar da aka matse. Hayaƙin da ya rasa hanya sai ya nemi wurin da ya fi rauni, ya fita tare da mai. A sa sabon sil yau, bayan mako biyu ya sake jiƙewa, a ɗora laifi a kan mai sayar da kayan gyara, alhali inji ne ba ya numfashi.

Haka abin yake idan zobba sun cinye, domin hayaƙin da ke sulalewa yakan fi ƙarfin hanyar numfashi ko da a buɗe take. Babban mai cin zobba a wannan yanki kuwa ƙura ce. Injin lita 2 da aka taka wa totur sosai yana shaƙar iskar da ta haura lita 2,000 a minti ɗaya. Lokacin jigilar amfanin gona ya zo daidai da hunturu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ga kuma jar ƙurar hanyoyin burji da motar gaba ke tayarwa. A cikin ƙurar hanya akwai ɓurɓushin yashi, wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. Idan matatar iska ta yage, ko aka cire ta don wai mota ta ƙara ƙarfi, yashin zai gauraya da mai ya riƙa goge zobba da bangon silinda kamar dutsen wasa wuƙa. Ashe ke nan ɗigon da ake gani a ƙarƙashin giya yana iya samo asali daga matatar iska da ke can saman inji.

Yadda Ake Bin Sawun Yoyo

Mataki na farko shi ne a tabbatar ko wane ruwa ne ke zuba. A ajiye mota a wuri mai daidai, a shimfiɗa kwali ko takardar buhun siminti a ƙarƙashinta ta kwana. Man inji baƙi ne ko ruwan ƙasa, mai santsi. Man giya ya fi kauri, kuma yana da wari mai ƙarfi irin na farar wuta. Man birki fari-fari ne ko rawaya-rawaya, yana ɗaye fenti, kuma yoyonsa ba ya jiran gobe. Fetur yana bushewa ya bar wari, ruwan lagireto kuwa ba shi da maiƙo.

Idan geji yana nuna mai na raguwa amma kwali bai jiƙe ba, to inji ne yake shan mansa, kuma shuɗin hayaƙi a salansa shi ne shaida. Idan kuwa man ya koma kamar madara, ruwa ne ya shiga cikinsa, galibi ta gasket ɗin da ke ƙarƙashin kan inji, wato tof-silinda.

Mataki na biyu shi ne wanki. Tsohon inji yakan lulluɓe da caɓin mai da ƙura, ba a iya gane sabon jiƙo da tsoho. A bari ya huce, a rufe kayan wuta da leda, a wanke da kananzir da burushi, a bi da ruwan sabulu, a bar shi ya bushe sarai. Kada a yi wanki da fetur, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi gobara.

Mataki na uku, a barbaɗa farar hoda a mahaɗun da ake zargi, a ta da inji ya yi minti 10 zuwa 15 har ya ɗauki zafi, a kashe, sannan a duba da tocila da ɗan madubi. Sabon mai zai zana baƙin layi a kan hodar. A manyan garejoji akan zuba wa man wani rini da ke ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman, amma hoda ma tana biyan buƙata.

Ƙa'idar karanta sawun ita ce wannan: nauyi yana jan mai ƙasa, iskar fanka da ta tafiya kuma tana kora shi baya. Saboda haka a bi layin sama, a bi shi gaba, har a kai wurin da ya fi tsawo da ya jiƙe. Nan ne mafari. Alal misali, man da ya tsatso daga bayan murfin sama yakan gangaro ya taru a mahaɗar inji da giya, daidai inda yoyon sil na baya ke bayyana. Wanda bai yi wanki ba zai sauke giya, aikin yini guda, a kan abin da gasket na 'yan kuɗi kaɗan zai magance. Lokacin yoyon ma shaida ne. Wanda ke ɗiga ko da mota ta kwana biyu a ajiye yana ƙasa da matakin mai, wato kasko ko notin juyewa. Wanda ke tsartuwa da zarar an ta da inji yana kan hanyar matsi, wato filta ko makunnin fitila. Wanda kuma ba ya bayyana sai an yi gudu da lodi, a zargi sil da numfashi.

Mataki na huɗu, wanda aka fi tsallakewa, shi ne gwada numfashi. A cire tiyon a duba ko iska na wucewa. Sannan inji na aiki a hankali bayan ya yi zafi, a buɗe murfin zuba mai. Ɗan tururi kaɗan ba laifi ba ne, amma idan hayaƙi na bugowa da ƙarfi kamar zugazugin maƙeri, zobba sun gaji. Ana tabbatarwa da ma'aunin matsin silinda: a cire fulogi a auna kowace silinda, wadda ta gaza a zuba mata cokali ɗaya na mai a sake aunawa. Idan matsin ya tashi sosai, zobba ne, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. Idan bai tashi ba, a nemi laifin wajen bawul ko gasket na kan inji.

A duk wannan aiki a kiyaye rai. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga, sai an tokare ta da abin da ba zai goce ba. Ba a kuma sunkuyawa kan inji mai aiki da riga mai faɗin hannu ko rawani mai jela, domin fanka da fanbel ba su da sabo.

Gyara Bisa Ƙa'ida

Ana fara gyara daga sanadi. A wanke hanyar numfashi, a sauya tiyon da ya ƙage, a sa matatar iska mai kyau, a kuma tabbatar man bai wuce alamar sama ba, domin cikawa fiye da kima ita ma tana jawo yoyo. Wani lokaci wannan kaɗai yakan tsayar da ɗigo ko ya rage shi ƙwarai.

Wajen sauya gasket, a kankare tsohon gaba ɗaya ba tare da an karce ƙarfen ba, a goge fuskokin biyu su bushe. Murfin sama da kasko sau da yawa siririn ƙarfe ne, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaure noti da iyakar ƙarfi. Yin haka yana lotsa bakin murfin a wajen kowane noti, ya murƙushe gasket, ya bar giɓi a tsakani. A miƙar da bakin tukuna, sannan a ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, daga tsakiya zuwa gefe, ana tsallaka wannan ɓangare zuwa wancan, don nauyi ya bazu daidai.

Washar tagulla ta notin juye mai tana toshewa ne ta hanyar lotsewa, saboda haka sabuwa ake sawa a duk juyen mai. Kafin a ɗaura filta a tabbatar tsohon zoben roba bai maƙale a jikin inji ba, domin zobe biyu a kan juna suna iya fashewa su zubar da man duka cikin mintuna. A shafa wa sabon zoben ɗan mai, a ɗaure da hannu.

Sabon sil ana shafa wa leɓensa mai, a shigar da shi a miƙe, ɓangaren sifirin yana duban cikin inji. Idan tsohon ya yi wa sanda kwari, a zaunar da sabon ɗan gaba ko ɗan baya kaɗan don leɓen ya hau lafiyayyen wuri. Sil na baya yana buƙatar sauke giya, don haka hikima ce a duba kuloci a lokaci guda, tun da faifan da ya sha mai sulɓi yake yi, mota ta kasa hawan tudu da kaya. A motocin da bel ɗin roba ke juya bawul, irin su Golf, man da ya jiƙa bel ɗin yana ruɓar da shi, kuma tsinkewarsa a injuna da yawa yakan sa fistin ya daki bawul. Idan kuwa gwaji ya nuna zobba sun ƙare, babu makawa sai an buɗe inji, kuma gara a yi haka kafin kaka da a yi shi dole a gefen titi.

Gyaran Gangar Auzinawa

Akwai dabarun da ke ɓoye yoyo su haifar da abin da ya fi shi. Na farko shi ne lafta gam mai yawa a mahaɗa. Abin da ya matso waje ana ganinsa, amma kwatankwacinsa ya matso ciki, kuma idan ya ɓalle rariyar famfo yake zuwa ya toshe. Na biyu, zuba mai mai kauri fiye da wanda aka tsara wa inji, ko ruwan kauri na gwangwani. Ɗigo zai ragu, amma da sanyin asuba man zai yi jinkirin isa metal, a daidai lokacin da inji ya fi cinyewa. Na uku, ciko da tsohon man da aka juye daga wata mota, ko man awo da ba a san asalinsa ba. Irin wannan yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da datti, shi ne kuma ke daskarewa ya toshe hanyar numfashi. Araha dai ba ta ado. Gam mai haɗi biyu yana iya riƙe hudajjen kasko har a iso gari, daga nan sai walda ko sauyi.

Ina Man da Ya Zuba Yake Tafiya?

Asarar ba ta tsaya a aljihun mai mota ba. Man da ya ɗiga a kan bututun hayaƙi mai zafi yana iya kama wuta, abin tsoro ga motar da ta yi lodin auduga. Wanda ya zuba a kwalta yana kayar da masu babur da zarar an yi yayyafi. Wanda ya shiga ƙasa kuma, ruwan damina yana kwasarsa zuwa kwata da rafi, daga nan zuwa fadamu da madatsun ruwa irin su Mairuwa da Gwaigwaye. A 1774 aka buga bayanin masanin nan na Amurka, Benjamin Franklin, inda ya faɗi yadda ya zuba mai kimanin ƙaramin cokali ɗaya a wani tafki a Landan, ya ga ya bazu a kan wajen rabin eka. Mai kaɗan yana rufe ruwa mai yawa, ya rage iskar da kifi da sauran halittu ke samu. Bugu da ƙari, gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna cewa tsohon baƙin mai yana iya haddasa ciwon daji na fata idan ana yawan cuɗanya da shi. Saboda haka kanikawa da yaransu su riƙa wanke hannu da sabulu, kada kuma a shafa shi a kan gyambo ko ƙurajen mutum ko dabba. A tara shi a jarka mai murfi, nesa da rijiya.

Kammalawa

Malamin kimiyya yana iya kawo wannan darasi cikin aji da kayan da ba su da tsada. Gwangwani biyu masu huda iri ɗaya, ɗaya da mai mai sanyi, ɗaya da wanda aka ɗumama cikin ruwan zafi, da agogo, sun isa su nuna yadda zafi ke rage kauri. Gorar roba mai ruwa da aka huda da allura, a matsa ta da murfi a rufe, sannan a matsa da murfi a buɗe, za ta nuna abin da toshewar numfashi ke yi wa sil. Ziyara ɗaya zuwa garejin unguwa, da izinin maigidan wurin, za ta nuna wa ɗalibai cewa gwanin bakanike yana aiki da irin tsarin da ake koya musu a ɗakin gwaji: ya lura, ya yi zato, ya gwada, kana ya ɗauki sifana.

Ga mai mota kuwa, abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: duba geji kowace safiya a wuri mai daidai kafin a ta da inji, kula da matatar iska a kai a kai da hunturu, juyen mai da wuri ga motar da ke bin hanyar burji, da kuma wanke inji a bi sawun duk wani sabon ɗigo tun yana ƙarami. Watan da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne Agusta, lokacin da masara ke tsaye a gona, kafin buhun farko ya hau bayan mota.